Fuskar da Na Aro wa Babana

Wani tela ya kama shago a jikin katangar gidana kwanan nan, kuma tun ranar ban sake yin barcin rana mai daɗi ba. Ba ƙarar ce ta dame ni ba. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina koyar da 'yan aji ɗaya, wace irin ƙara ce ban sha ba? Abin da ya dame ni shi ne keken ɗinkinsa irin na da ne, na ƙafa, kuma in na kwanta sai ƙarar ta zo daidai ƙeyata. Tar-tar-tar, tar-tar-tar. Haka injin majigi yake yi in kana zaune a benci shi kuma yana can bayanka. Da na rufe ido sai in ga farin bango, in ga jirgin ƙasa a tsaye, in ga maza suna wucewa a jere. To, tunda barcin ya ƙi, zauna in ba ka labarin.

Ban san fuskar babana ba. Da wannan zan fara, don shi ne gindin maganar. Ina goye ya tafi yaƙin basasa, shi da samarin ƙauyukanmu na wajen Kagoma. Aka gama yaƙi, masu dawowa suka dawo, wani da ƙafa ɗaya, wani da rediyo da guntun Turanci. Shi bai dawo ba. Ba a kawo gawa ba, ba kuma wanda ya zo ya ce ga inda ya faɗi. Hoto kuwa bai taɓa ɗauka ba. Manomin doya da dauro, hoton me zai ɗauka? In na tambayi yadda yake, kowa sai ya ba ni nasa. Maƙwabta su ce dogo ne. Kaka, uwar da ta haife shi, ta ce duk ƙasarmu ba a yi mai kyansa ba, wanda ka san ba kwatance ba ne. Mama kuwa, da na buɗe baki sai ta tuna randa ba ruwa. Nakan je in leƙa cikin randar, in cire hancin Mama, in cire goshin Mama, abin da ya rage in ce nasa ne.

Bayan yaƙi ƙanen babana, wanda nake kira Baba Ƙarami, ya kwaso mu daga ƙauye, ni da Mama da Kaka, ya kawo mu gidansa a Kafanchan, inda yake koyarwa. Gidan yana kusa da layin dogo, ko cokali ka ajiye a kan kwano sai ya yi rawa in jirgi zai wuce. Mama ba ta da yawan magana. Wurin da kawai za ka ji ƙarfinta shi ne majami'a, don ita ce mai buga tulu a zumuntar mata, kuma in ta sa tafin hannu a bakin tulun nan har cikin ƙirjinka kake ji. Kaka kuwa bakinta ba ya hutawa. Da yarenmu take faɗa, da Hausa take ciniki, kuma Hausarta ba ta san mace ba. Kowa "ka" ne a wurinta, ni da Mama da akuya da matar Fasto. In Baba Ƙarami ya gyara mata sai ta ce wanda take yi wa magana ai ya san kansa.

A kan hanyarmu ta zuwa makaranta akwai wani babban gini mai dogon rufin kwano. Tun zamanin Turawa aka gina shi don ma'aikatan jirgi su riƙa kallon silima. Mutumin da ke kula da shi ya bar gari lokacin da ƙasa ta rikice, bai sake dawowa ba. Da yaƙi ya kama, a ciki ake tara sababbin soja su kwana kafin jirgi ya kwashe su. Kowa ya san wannan, ni ma na sani: a ƙasan ginin nan babana ya yi kwanansa na ƙarshe a garin. Daga baya aka garƙame shi. Jemagu suka gaje rufin, ciyawa ta cinye matakala, ƙofar ta yi kore. Yara suna cewa in ka kasa kunne da tsakar rana za ka ji takun takalma a ciki. Mukan yi gasar wa zai iya zuwa ya taɓa ƙofar. Ni nakan je, har ana ce mini mai taurin kai. Ba jarumta ba ce. Kunnena nake mannawa, ko zan ji wani taku da zai yi mini kama da na gida.

Ina aji uku, wajen ƙarshen damina, sabuwar doya ta shigo kasuwa, sai muka ga an buɗe ƙofar. Magina da kafintoci suka cika wurin. Aka yi wa jemagu hayaƙin barkono suka fito suna kuka da rana tsaka, aka kwashe kashinsu kwando-kwando, masu lambu na rububi. Aka sauya kwanon da ya ɓule, aka shafe bango, aka jera sababbin bencina. Can sai ga mota da lasifika tana zaga gari, wai an gyara tsohon gidan silima, za a yi bikin buɗe shi da mako guda na majigi, kowace rana bayan an tashi daga makaranta, kuma ƙofa a buɗe take ga kowa. Za a nuna na Indiya, da na masu doki da bindiga, da kuma namu na gida: na kokawa, na raye-raye, na allurar rigakafi, na yadda ake zuba takin zamani.

Ranar Lahadi Fasto ya hau bagade ya yi wa bikin nan wankin babban bargo. Ya ce duk mai baftisma da aka gani a wurin zai shiga ƙarƙashin horo. In ba ka san horo ba, shi ne a mai da kai benci na baya, a hana ka Jibin Ubangiji, a karɓe duk wani aiki da kake yi a ikilisiya, har sai dattawa sun ga ka tuba. A wancan lokacin wannan ba ƙaramin abin kunya ba ne.

Baba Ƙarami dai ya je ranar farko, wai an gayyaci malamai, kuma ilimi ne. Ya dawo da la'asar, aka kawo masa tuwon acca, ya sa hannu ya cire. Ya kira Kaka da Mama ɗaki, ya yi ƙasa da murya, ni kuwa ina bakin ƙofa ina tsintar wake da kunne biyu. Ya ce kafin babban fim an nuna wani ɗan gajere, tsoho, na sojoji suna shiga jirgi. Kuma a tasharmu aka ɗauka, ga bishiyar mangwaron nan, ga tankin ruwa. Ya ce mutanen suna wucewa da sauri, shi ba zai iya cewa ya ga kowa ba, amma lokacin ya yi daidai da tafiyar yayansa.

Kaka ba ta bari ya ƙarasa ba, ta tashi tana neman zanenta na fita. Aka ce mata sai gobe. Aka tuna mata da horo. Ta ce su mai da ita baya, dama ko a gaban ba jin wa'azin take yi ba. Mama kuwa ta ce ba za ta ba. Ba ta ba da dalili ba, ta fito ta karɓe waken daga hannuna ta ce na bar tsakuwa. Na ji haushinta ƙwarai ranar. Na ɗauka tulunta ya fi mata mijinta.

Washegari na riƙe hannun Kaka muka shiga. Ban taɓa ganin duhu da rana ba sai ranar. An toshe tagogi da buhunan citta, saboda haka wurin yana ƙamshin citta da sabon fenti, can ƙarƙashinsu kuma warin jemagu bai gama fita ba. Mutane cike maƙil, 'yan reluwe, 'yan kasuwa, 'yan makaranta, har da fuskokin da na sani a majami'a, kowa ya yi kamar bai ga kowa ba. Ƙasa siminti ne mai sanyi. Na cire silifas na taka da tafin ƙafata, ina tunanin ko a nan ya shimfiɗa tabarmarsa. Sai injin ya tashi a bayanmu, haske ya tsaga ta saman kawunanmu ya faɗa bango.

Da tashar ta fito sai wuri ya kaure da ihu, kowa yana nuna abin da ya sani. Ga mangwaro, ga mai sayar da rake, ga tanki. Wani Bature yana bayani a kan kiɗan badujala, ba mai sauraronsa. Sai ga su. Samari a jere, cikin kaki da ya yi musu yawa, kowa da ƙullinsa, suna tafiya zuwa bakin tarago. Ihun nan ya ɗauke ɗif. Ka san shirun da ake yi in an fito da gawa daga ɗaki? Irinsa ne. Sai can wata murya ta kira wani suna a hankali. Wata ma ta kira. Kafin ka ce me, sunaye suna tashi ta ko'ina cikin duhu, da yare iri-iri, su kuwa na bango suna ta wucewa, ba wanda ya amsa. Na ƙanƙame zanen Kaka.

A tsakiyar layin wani ya juyo. Ya kalle mu sosai, ido cikin ido, ya yi dariya. Hularsa a karkace, kunnuwansa a baje, ga wushirya a tsakanin haƙoransa. Kaka ta damƙe cinyata har sai da na ji ƙashi.

"Ka gani? Babanka ke nan."

Kafin in ja numfashi ya juya ya hau tarago. Nan take na runtse ido gam, don kada wata fuska ta shigo ta goge mini tasa. Ban buɗe ba sai da na ji kiɗan ya sauya, an shiga fim ɗin taki.

Ba zan iya kwatanta maka daɗin da na ji ba. Na fito ana yayyafi, ban ma san ana yi ba. Ina da uba mai fuska! Ina da uba mai dariya! Washegari duk ajinmu sai da suka ji cewa babana ya fito a silima, kuma shi kaɗai ne ya juyo. Na samo tsinken tsintsiya na riƙa cusawa tsakanin haƙorana na gaba ko wushiryar za ta buɗe, har dasashina ya yi jini. Da yake mutane sun matsa wa mai injin, sai aka riƙa maimaita fim ɗin sojojin kullum kafin a fara na ranar, mu kuma ba mu fashi. Labari ya kai ƙauyuka, tsofaffi suka fara zuwa a ƙafa, waɗanda ko fitilar lantarki ba su saba da ita ba. Ni ba ruwana da sauran mazan. Ina zaune ina jira, ya juyo, in cika idona da shi, in rufe. Haka nake yi kullum, kamar mai ɗibar ruwa da tafin hannu tana gudun kada ya zube.

Kaka kuwa magana take yi masa. Kada ka ɗauka kakata sakarai ce, ta san hoto ne, ita ce ma ta yi wa wata tsohuwa dariya da ta kauce wa jirgin. Amma da ya juyo sai ta gaishe shi da yarenmu, irin gaisuwar da ake yi wa wanda ya dawo daga gona. Lokacin ba ya isa, don haka kowace rana da labarin da take ba shi. Yau ta gaya masa ɗakinsa ya rushe. Gobe ta gaya masa wane ya karɓi gonarsa ta bakin rafi. Wata rana ta ɗaga ni tsaye a kan benci don ya ga yadda na girma, na baya suna ta ihu a zaunar da yarinya.

Ana cikin haka, wajen tsakiyar mako, wata doguwar tsohuwa ta zauna a bencin da ke gabanmu. Ƙafafunta duk laka, daga gani ta sha tafiya. Daga baya muka ji daga garin Madakiya ta zo. Da mutumin nan ya juyo ya yi dariya, sai ta miƙe tsaye ta kira wani suna, sunan da ba na babana ba, da wani yare da ba namu ba. Ta miƙa hannu biyu, inuwar hannayenta ta hau kan fuskarsa.

A waje, gindin matakala, Kaka ta tare ta. Yarensu ba ɗaya ba, dole suka haɗu a Hausa, kowace da irin tata karyayyar. Kaka ta ce ya kamata mutum ya duba da kyau kafin ya kira ɗan wani. Tsohuwar ta ce ita ma abin da ta zo faɗa ke nan. Mutane suka taru.

"Yaro na ne," in ji Kaka. "Ni na haife shi. Ka je ka nemi naka."

Tsohuwar ba ta ɗaga murya ba. Ta sa yatsa ta ɗaga leɓenta na sama. Ga wushirya nan, faffaɗa, a daidai wurin. Ta ce ta ubanta ce, ita ta gada, ɗanta ya gada.

Na kalli bakin Kaka, na tarar ba abin da zan gani, don haƙoranta na gaba sun daɗe da zubewa. Ta rantse cewa da can tana da ita, har samari suna yi mata waƙa. Wasu suka yi dariya. Ni ban yi ba. Aka nemo Baba Ƙarami, ya yi ta sosa ƙeya, ya ce hoton yana rawa, kuma shi yana kwaleji lokacin, ya daɗe bai ga yayansa ba, ba zai ɗauki alhaki ba. Wani dattijo ɗan reluwe ya ce to ai maganar mai sauƙi ce, tunda ɗaya yana da mata a gari, a kira ta. Uwa takan ga ɗanta a fuskar kowa, amma mata ba ta ɓata mijinta.

Daga nan komai ya koma kan Mama. Na roƙe ta, na yi kuka, na ƙi cin abinci. Na ce mata ina so in sani ne kawai, nawa ne ko ba nawa ba ne. Kaka ta bi ta madafa, ta bi ta bakin rijiya, tana cewa, "Ka zo ka gaya masa. Ka zo ka kunyata shi," tana nufin tsohuwar Madakiya. Mama tana ta surfen acca, ko kai ba ta ɗaga ba. Tsohuwar kuwa ba ta koma gida ba, ta sami wurin kwana a wajen danginta, kullum tana nan. Abin mamaki, a benci ɗaya suka koma zama ita da Kaka, kafaɗa da kafaɗa, ba mai yi wa wata magana. In ya juyo sai su gaishe shi tare, kowace da yarenta. Ni kuma ina gefe, ina kallon fuskar da nake ji tana zame mini.

Ranar Asabar ce ta ƙarshe. An ce da an gama za a naɗe finafinan a sa a jirgin yamma, a kai wani gari. Mun riga mun zauna, an toshe tagogi, sai na ji an taɓa kafaɗata. Mama ce. Daga koyon waƙar zumunta take, ta juya zanen zumuntar ciki ya koma waje don kada a ga rubutun. Ta zauna kusa da ni, na kama hannunta, na ji shi sanyi ƙalau. Ruwa ya kece a kan kwanon nan har ba a jin Baturen, ba a jin badujalar, sai injin kawai.

Suka fito. Suka yi ta wucewa. Ya juyo, ya yi dariya, tsofaffin biyu suka gaishe shi. Hannun Mama bai motsa ba. Na runtse idona kamar kullum. Ina cikin duhuna, can bayan ɗan lokaci, sai na ji ta matse yatsuna, matsewar da na ɗauka za su karye. Na ji wani ɗan sauti ya fito daga maƙogwaronta. Na ce a raina, Mama dai komai nata a makare yake, sai yanzu abin ya kai mata.

Da muka fito, tsofaffin suka tsaya a gabanta, mutane suka kewaye mu. Idon Mama ya yi ja amma ba hawaye. Ta ɗan rusuna wa Kaka.

"Na gan shi, Kaka. Yana ciki."

Kaka ta buga guɗa da wannan bakin nata mara haƙori, ta juya ta kalli abokiyar gardamarta sama da ƙasa. Tsohuwar Madakiya ta daɗe tana kallon Mama. Sannan ta gyaɗa kai, ta ce Allah ya raya yarinya, ta ɗaura kallabinta ta kama hanya cikin ruwa. Ba ta yi kama da wadda aka kayar ba, amma lokacin ban kula ba. Ni dai an mayar mini da babana, na yi ta tsalle a cikin taɓo har gida.

Horo kuwa an yi shi. Aka karɓe tulun Mama aka ba wata da ba ta iya ba. Sai dai bencin baya ya cika ya batse, har ya zama na gaba ne ba kowa, Fasto yana ɗaga murya don ta kai inda jama'arsa suke. Kafin Ista aka yafe wa kowa.

Kaka ta ƙara 'yan shekaru, kuma ta yi su da sauƙin zuciya. Ta daina zuwa tasha in jirgin kudu ya iso, abin da ta saba yi tun ƙarshen yaƙi. Ta ce ta gan shi, ta gaya masa abin da za ta gaya masa. Ina shirin gama firamare ta rasu, muka kai ta Fadan Kagoma. Bayan an watse daga zaman makoki, ni da Mama muna bayan gida muna wanke manyan tukwanen da aka yi dahuwa, sai na ce yanzu Kaka tana can tare da mai wushiryarta. Mama ta ci gaba da goge tukunya da toka. Sai da ta ɗauraye ta kife sannan ta yi magana.

"Babanki ba shi da wushirya. Wancan ɗan matar nan ne."

Na ce amma ai ta ce yana ciki. A gaban kowa ta faɗa.

"Yana ciki. Shi ne na ƙarshe a layi. Bai juyo ba."

Na tambaye ta, in bai juyo ba, ta yaya ta gane shi? Ta ce duk mazan nan suna sanye da sababbin takalman soja, shi kaɗai ya ƙulla igiyoyin nasa ya rataya su a wuya, yana tafiya da ƙafa a ƙasa. Ta ce haka yake, ba ya iya taka sabon takalmi a hanya, tausayinsa yake ji. Ranar aurensu ma a wuya ya rataya har ƙofar majami'a, sai da dattawa suka tsawata masa ya sa. Ta ce ƙeyarsa kawai ta gani, da kafaɗarsa, da dugadugansa, sai ya kama ƙarfen tarago ya hau, hoton ya ƙare.

Na zauna a ƙasa cikin ruwan wanke-wanke. Kullum yana nan. Duk ranar da na je yana nan, a gabana, tsawonsa ya cika bango, ni kuwa na rufe ido ina riƙon ɗan wata. Na yi kuka irin wanda ban yi wa Kaka ba. Na ce me ya sa ba ta taɓa ni ba, me ya sa ba ta ce in buɗe ido ba? Ta ce ba ta san idona a rufe yake ba, nata yana kansa. Da muka fito kuma ga tsohuwa tsaye tana jira, idonta ya riga ya yi hazo, ɗanta ya yi mata dariya mako guda, da wane baki za ta ƙwace mata? Ni kuma yarinya ce, in ta gaya mini kafin dare Kaka ta ji. Ta ce ba tsoron horo ne ya hana ta zuwa tun farko ba. Tsoro take ji kada ya wuce ta gabanta ta kasa gane shi.

Da na girma na nemi fim ɗin. Na tambaya a Kaduna, na tambaya a Jos, duk inda aka ce ana ajiye tsofaffin abubuwa. Wani ya ce ruwa ya ci, wani ya ce ai irin waɗannan narkewa suke yi a cikin gwangwaninsu. Ginin ma yanzu an yanyanka shi shaguna, a ɗaya daga ciki ake tura wa yara finafinai a waya. Jikokina kuwa ba abin da ba sa ɗauka, ko atishawa ka yi tana cikin wayar wani. Suna yi mini dariya wai na cika fitina in ana ɗaukar bidiyo a biki, don sai in bi mutane ɗaya-ɗaya ina cewa su juyo. Ba su san abin da nake gudu ba.

Mama ta rasu, tsohuwar Madakiya ma na tabbata ta daɗe a ƙasa. Ina jin ni kaɗai na rage a duniya da ke riƙe da fuskar ɗanta, ga shi ko sunansa ban riƙe ba. Na yi ƙoƙarin korarsa, Allah ya sani. Amma har yau in na yi mafarkin babana, shi ne yake zuwa, hula a karkace, yana yi mini dariya, na kuma daina jin haushinsa, shi ma ai bai dawo ba. Sai dai yanzu a mafarkin ba na rufe ido. Nakan leƙa ta bayan kafaɗarsa, can ƙarshen layi, in hango wani da takalma a wuya yana tafiya. Ina kira, ruwa yana dukan kwano, ba ya ji. Na tsufa, na yi jika da shi ma in ana bin shekaru, har yau bai juyo ba.